Abokan Gaba Nawa Ne Yau, Nawa Za Su Zama Gobe?

Kafin kwamanda ya tura dakarunsa fagen daga, akwai tambayoyi biyu da yake yi wa jami'an da ke tattara masa bayanan sirri. Ta farko ita ce yawan abokan gaban da ke gabansa a yau. Ta biyu kuwa ita ce yawan waɗanda za a iya kawo musu ɗauki idan wuta ta kama, da hanyar da za su biyo, da kwanakin da za su yi kafin su iso. Jama'a sun fi sanin ta farko, domin amsarta ce ake ji a rediyo, adadi ne mai sauƙin faɗa da sauƙin riƙewa. A ganina kuwa, manyan rundunonin da kuskuren ƙiyasi ya halaka, a tambaya ta biyu suka fi faɗuwa. Mai haƙar rijiya ba ya yabon ruwan da ya gani kwance a ƙasanta sai ya kwashe shi ya ga saurin da idon ruwan ke sake cika ta, kuma haka lissafin rundunar abokin gaba yake.

Ita kanta ƙidayar farko ba kawunan mutane ake bi ɗaya bayan ɗaya ba, domin babu magewayin da zai iya wannan. Abin da ake yi shi ne a gano sunaye da lambobin rundunonin da ke wurin, a san kwamandan kowace da inda ta yi sansani, sannan a ninka yawan rundunonin da yawan mutanen da aka san kowace tana ɗauka. Ana samun sunayen nan daga bakin fursunonin yaƙi da waɗanda suka gudo, daga takardun da aka tsinta a aljihun gawa, daga saƙonnin rediyo da aka saurara, da hotunan da jirage ko taurarin ɗan Adam suka ɗauka. Raunin wannan hanya a ninkawar yake. Bataliyar da a takarda take da mutum 800 tana iya zama da 400 kawai bayan watanni na faɗa da zazzaɓi da gudun soja, kuma idan mutum biyu suka kawo labarin runduna guda da sunaye daban, sai a rubuta ta sau biyu.

Irin wannan ne ya faru da Janar McClellan na rundunar Arewa a yaƙin basasar Amurka a 1862. Allan Pinkerton, wanda ke shugabantar masu yi masa leƙen asiri, ya riƙa kawo masa ƙiyasin da ya kai kusan mutum 200,000 a rundunar Kudu da ke kare birnin Richmond, alhali ba su kai 100,000 ba. McClellan, wanda ya fi su yawa, ya yi ta jan ƙafa yana neman ƙarin sojoji daga Washinton har damar ta wuce shi. Wannan ya nuna cewa ƙara wa abokin gaba yawa ba taka-tsantsan ba ne a kullum, domin yana hana motsi a lokacin da motsi zai gajarta yaƙi.

Wata hanya da ta ba masana mamaki a Yaƙin Duniya na Biyu ita ce ta lambobin masana'anta. Ingila da Amurka suna son sanin tankokin yaƙi nawa Jamus ke ƙerawa a wata, sai wasu masana lissafi suka lura cewa Jamusawa na buga lamba bi da bi a jikin injin da sauran sassan kowace tanka. Idan aka kama tankoki biyar, aka ga lamba mafi girma a cikinsu 60 ce, to tazarar da ke tsakanin lambobin tana nuna cewa jimillar ba za ta yi nisa da 71 ba, wato a ɗauki babbar lambar, a ƙara mata kashi ɗaya cikin biyar nata, a cire ɗaya. A watan Agusta na 1942, jami'an leƙen asiri na gargajiya sun ce Jamus na ƙera tankoki 1,550 a wata, masu lissafin lamba suka ce 327. Da aka buɗe takardun Jamus bayan yaƙi sai aka tarar 342 ne. Dalilin ratar a fili yake: mai ba da labari da baki yana da tsoro, yana da son burge mai tambaya, wani lokaci ma yana da ladan da yake nema, ƙarfen da aka buga wa lamba kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai dai ƙarfe ake ƙirgawa da wannan dabara. Da an zo kan mutane, musamman inda mayaƙi ba ya sa kaki, sai wata gardama ta taso a kan wanda za a kira soja. A 1967, a yaƙin Biyetnam, wani manazarci na hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA mai suna Sam Adams ya yi ta jayayya da rundunar Janar Westmoreland, kwamandan sojojin Amurka a can, a kan wannan. Rundunar ta tsaya kan cewa abokan gaba ba su wuce 300,000 ba, Adams kuma, bisa takardun da aka kama, ya ce sun haura rabin miliyan idan aka haɗa da ƴan sa-kai na ƙauyuka da jami'an siyasa da masu dasa nakiyoyi. An warware gardamar ta hanyar cire waɗannan rukunoni daga babban lissafi, domin adadin da ke raguwa shi ne hujjar da ake nuna wa jama'ar Amurka cewa ana samun nasara. A ƙarshen Janairu na 1968 babban farmakin abokan gaban, wanda ake kira Tet, ya afka wa birane da garuruwa sama da ɗari kusan a lokaci guda. Masana har yau suna jayayya kan wanda ya fi kusa da gaskiya a adadin, amma babu jayayya cewa siyasa ta shiga cikin zaɓen wanda za a ƙirga.

Tambaya ta biyu ta fi wuya saboda amsarta ba ta kwance a fagen daga. Tana cikin yawan samarin ƙasar da ba a kira ba tukuna, da waɗanda suka taɓa yin horon soja suka koma gida, da masana'antun da za su ba su bindiga da takalmi, da layin dogo da gadoji da rijiyoyin da ke tsakaninsu da bakin daga. Sama da duka, tana cikin niyyar shugabanninsu da juriyar jama'arsu, abubuwan da hoto daga sama ba ya ɗauka.

Jamus ta shiga Tarayyar Sobiyet a ranar 22 ga Yuni 1941 da lissafin cewa idan ta murƙushe sojojin da ke yammacin ƙasar cikin ƴan makonni, yaƙi ya ƙare. Ta kuwa murƙushe da yawa daga cikinsu, ta kama fursunoni dubu ɗaruruwa. Amma a ranar 11 ga Agusta, Janar Franz Halder, babban hafsan sojojin ƙasa, ya rubuta a kundinsa cewa sun shiga yaƙin da zaton manyan rundunoni kusan 200 ne a gabansu, ga shi sun riga sun ƙirga 360, kuma duk lokacin da suka hallaka dozin guda sai wani dozin ya maye gurbinsa. Ƙidayar Jamusawa ta sojojin da ke kusa da iyaka ba ta yi muni sosai ba. Abin da ba su auna ba shi ne miliyoyin da Masko za ta iya kira cikin makonni, da ikonta na kwance manyan masana'antu sama da 1,500 ta ɗora su a jirgin ƙasa zuwa tsaunukan Ural da Saiberiya da tsakiyar Asiya. Ƙarƙashin wannan kuskure akwai raini, domin shugabannin Jamus na lokacin sun ɗauka cewa mutanen gabas ba za su iya irin wannan tsari ba, kuma raini ba ya bayyana a takardar ƙiyasi a matsayin raini, yana shigowa ne a matsayin abin da kowa ya sani wanda ba ya buƙatar bincike.

Misalin da ya fi kusa da tarihinmu shi ne na Faransa a Diyen Biyen Fu da ke arewacin Biyetnam, a 1954, lokacin da Nijar ke ƙarƙashin mulkinta. Janar Navarre ya kafa sansani a cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye, yana son ya jawo dakarun Janar Giap, kwamandan masu neman ƴancin Biyetnam, su zo a yi gaba da gaba. Abin lura shi ne jami'an leƙen asirin Faransa ba makafi ba ne: suna sauraron saƙonnin abokan gaba, sun san rundunoni na 308 da 312 da 316 suna tahowa, sun san da runduna ta 351 mai manyan bindigogi. Inda lissafin ya karye shi ne a batun guzuri da albarusai. Hafsoshin sun auna hanya da ma'aunin sojan Turai, suka ce babu yadda za a yi a ciyar da mutum dubu hamsin a wannan daji mai nisan ɗaruruwan kilomita daga tushen kayansu, balle a hau da igwa kan duwatsun, kuma ko an hau da ita jirage da manyan bindigogin sansanin za su rufe mata baki. Giap ya amsa da dubun-dubatar ƴan dako, da kekunan da aka ƙarfafa har kowane ya ɗauki kilo 200 ko fiye ana tura shi da hannu, da motocin da suka fito ta Sin suna tafiyar dare, da igwogin da aka ja da igiya aka ɓoye cikin ramukan da aka haƙa a jikin dutse. An buɗe wuta a ranar 13 ga Maris. Kanar Piroth, kwamandan manyan bindigogin sansanin, wanda ya yi alƙawarin cewa igwar abokan gaba ba za ta daɗe tana magana ba, ya kashe kansa bayan kwana biyu. Kafin ƙarshen watan filin jirgin ya daina aiki, wato hanyar ɗaukin Faransa ta toshe yayin da ta Giap ke ƙara buɗewa, kuma sansanin ya faɗi a ranar 7 ga Mayu.

Mu a Damagaram muna da namu darasin a kan wannan, kuma ɓangarorin biyu duka sun yi kuskure a cikinsa. A 1916 Zinder ce hedikwatar yankin soja na Nijar, daga nan ake lura da Abzin. Hukumomin Faransa sun ɗauki Sarkin Agadas Tagama a matsayin nasu, ba su kuma ba da nauyin da ya kamata ba ga abin da ke faruwa a Fezzan da ke kudancin Libiya, inda Sanusiyya suka kori Italiyawa suka gaji makamansu. A watan Disamba Kawusan, wani jagoran Abzinawa mai ƙawance da Sanusiyya, ya bayyana a Agadas da mayaƙa sama da dubu, da bindigogin zamani da igwar da aka ƙwace daga Italiyawa, Tagama kuma ya buɗe masa gari, aka yi wa ƴan tsirarun sojojin da ke barikin ƙawanya. Kuskuren Faransa shi ne ta ƙirga abin da ke cikin iyakar da ta shata, ta manta cewa hamada ba ta raba Abzin da Fezzan, hanyar ayari ce ta haɗa su.

Amma ƙawanya tsere ce da lokaci, kuma a nan ne lissafin ɗauki ya juya wa Kawusan baya. Bayan barikin Agadas akwai Zinder, bayan Zinder akwai Kano, inda layin dogo daga Legas ya riga ya iso ƴan shekaru kafin nan, kuma Ingila da Faransa ƙawaye ne a yaƙin da ake yi a Turai. Saboda haka Faransa ta sami damar tara sojoji da kaya daga nesa ta hanyar Najeriya, ta haɗa ayarin yaƙi a Zinder ƙarƙashin Kanar Mourin, wanda ya keta Damargu ya isa Agadas a ranar 3 ga Maris 1917. Abin da ya biyo baya na kisan gilla, har da malaman garin, yana cikin mafi munin abin da mulkin mallaka ya aikata a ƙasar nan. Kawusan kuwa nasa tushen yana can bayan hamada, kuma duk harsashin da ya harba sai raƙumi ya yi makonni kafin ya kawo madadinsa. Duk wanda ya san hanyar Tanut zuwa Adarbisanat ya san cewa a wancan zamani yawan rundunar da za ta bi ta bai wuce abin da rijiyoyin hanya za su iya shayarwa ba, mutane da dabbobi, don haka mai ƙiyasi nagari a wannan ƙasa rijiya da makiyaya yake fara ƙirgawa kafin bindiga.

Akwai kuma lokacin da jami'an suka gano gaskiya amma kunnen shugaba ya ƙi ta. A tsakiyar 1945 Amurka na shirin sauka a tsibirin Kyushu na Japan a ranar 1 ga Nuwamba. A taron da aka yi da Shugaba Truman a ranar 18 ga Yuni, an gabatar da ƙiyasin cewa sojojin Japan kusan 350,000 za a tarar a can. Amma masu warware saƙonnin sirrin Japan suka riƙa ganin sababbin rundunoni na bayyana mako bayan mako, kuma a daidai gaɓar tekun da ake shirin sauka. Zuwa Agusta an gano manyan rundunoni 14, ƙiyasin ya doshi 600,000, bayan yaƙi kuma aka tarar adadin ya kai kusan 900,000. Janar Willoughby, shugaban leƙen asirin Janar MacArthur wanda zai jagoranci saukar, ya yi gargaɗi a ƙarshen Yuli cewa idan aka ci gaba a haka masu kai hari da masu kariya za su zo daidai wa daida, wanda ba hanyar nasara ba ce. MacArthur ya amsa wa Washinton cewa an zuzuta adadin. Japan ta miƙa wuya kafin a gwada maganarsa.

Bayan shekara biyar aka gwada ta a Koriya. A ranar 15 ga Oktoba 1950, a tsibirin Wake, MacArthur ya tabbatar wa Truman cewa da wuya Sin ta shiga yaƙin, kuma ko ta shiga, daga cikin sojoji kusan 300,000 da take da su a Manchuriya, dubu hamsin zuwa sittin kawai za su iya haye kogin Yalu. Kwanaki kaɗan bayan haka dakarun Sin ƙarƙashin Peng Dehuai suka fara hayewa, suna tafiyar dare suna ɓuya da rana, ta yadda jiragen leƙe ba su ga abin a zo a gani ba. An kama fursunoni Sinawa tun ƙarshen Oktoba, suka faɗi sunayen rundunoninsu, amma Willoughby, wanda a 1945 ya iya faɗin abin da maigidansa ba ya so, a wannan karo ya riƙa rage adadin har ya dace da shirin da aka riga aka yanke. A ƙarshen Nuwamba kimanin mutum 300,000 suka far wa rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya suka kora ta kudu. Wannan ne ya sa nake ganin cewa tsarin da ke sa mai ƙiyasi ƙarƙashin ikon wanda ya tsara farmaki, da girma da muƙaminsa duka a hannunsa, ya fi kowace dabarar abokin gaba ɓata lissafi.

Abokin gaba kuma ba ya zama a ƙirga shi, yana sa hannu a ƙidayar. Kafin saukar dakarun ƙawance a gaɓar Normandi ta Faransa a 1944, Ingila da Amurka sun ƙirƙiri rundunar bogi ƙarƙashin sunan Janar Patton, da saƙonnin rediyo na ƙarya da ƴan leƙen asirin Jamus da aka juya suna aika abin da aka rubuta musu. Jamus ta yarda cewa akwai manyan rundunoni kusan 80 a Ingila alhali hamsin da ƴan kai ne, don haka ta riƙe runduna ta 15 a yankin Kale da ke arewacin Faransa tana jiran wani hari, a makonnin da ake matuƙar buƙatarta a Normandi. Ƙaryar a kan adadi aka yi ta, amma amfaninta a kan ɗauki ya fito.

Duk wannan yana da alaƙa da abin da sojojinmu ke fuskanta a Diffa da Tillaberi, ko da yake siffar yaƙin ta bambanta. Ƙungiyoyin da ke ɗauke da makamai a Sahel ba su da rundunoni masu lamba da bariki da za a ɗauki hotonsa, shi ya sa ƙiyasin yawansu da ake bugawa ke bambanta ƙwarai daga wannan majiya zuwa waccan. Adadin duka bai ma fi muhimmanci ba ga kwamandan ƙaramin sansani. Abin da ya shafe shi shi ne mutum nawa za su iya taruwa a kansa cikin dare guda daga wurare daban-daban a kan babura, da kuma sa'o'i nawa nasa ɗaukin zai yi kafin ya iso ta ƙasa ko ta sama. Harin Bosso a Yuni 2016, da na Inates a Disamba 2019 inda sojoji 71 suka rasu, da na Shinagodar a Janairu 2020 inda 89 suka rasu, duka sun nuna maharan da suka tara ɗaruruwan mutane a wuri guda suka watse kafin a rufe musu hanya.

A irin wannan yaƙi alamomin da ake bi su ne na guzuri: man fetur da ke fita daga kasuwa fiye da buƙatar gari, babura da kayan gyaransu, buhunan abinci da magani, da harajin da ake karɓa daga makiyaya da masunta. Dokar ta-ɓaci da aka kafa a jihar Diffa a Fabrairu 2015, wadda ta hana hawan babur ta kuma taƙaita cinikin kifi da tattasai, a kan wannan lissafi aka gina ta, wato a yanke wa ƙungiyar hanyar kuɗi da motsi. Sai dai matakin yana da gefe na biyu da ya kamata ya shiga ƙiyasi, domin saurayin da aka raba da kabu-kabu ko kwale-kwalensa ba tare da wata sana'a ba ya shiga cikin waɗanda ƙungiyar ke iya ɗauka, kuma mutumin ƙauyen da ya ji an cuce shi ba zai kawo labarin abin da ya gani ba, alhali a wannan yaƙi shi ne babbar majiya.

Shi ya sa ƙiyasi mai amfani ba ya zuwa da adadi guda. Yana faɗin mafi ƙaranci da mafi yawa, yana raba abin da aka tabbatar ta majiya biyu masu zaman kansu da abin da aka ji daga baki guda, yana bayyana zaton da aka gina shi a kai domin a san lokacin da ya rushe, kuma yana ɗauke da kwanan wata. Kwanan watan yana da nauyi na musamman a gabashin ƙasar nan, inda kogin Komadugu Yobe ke raba mu da Najeriya: lokacin da ya cika mashigai kaɗan ne kuma ana iya tsare su, idan ruwan ya janye da rani kuwa ana haye shi da ƙafa da babur a wurare da dama, ta yadda ƙiyasin ɗaukin da aka rubuta a watan Nuwamba sai an sake shi daga tushe kafin watan Afrilu.